Hannu Ɗaya, Kwamfutoci Barkatai: Yadda Ake Raba Allon Madannai da Linzami Tsakanin Na'urori

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin binciken kimiyya na zamani zai lura da cewa da wuya a sami wata babbar na'ura wadda ba ta tare da kwamfutarta. Madubin ƙara girman ƙwayoyin halitta yana da tasa, na'urar auna hasken da ruwan gwaji ke sha tana da tata, haka kuma na'urar ninka ƙwayoyin gado. Ga kuma kwamfutar da mai bincike yake rubuta rahotonsa da ita. Kowace ɗaya ta zo da allon madannanta, watau kibod, da linzaminta, watau ɗan abin nan da ake murzawa a kan tebur domin motsa kibiyar da ke fuskar kwamfuta. Kafin a ankara tebur ya cika, wayoyi sun sarƙe, ga shi kuwa mai aikin hannu biyu kawai Allah ya ba shi. Irin wannan matsala ce ke damun ma'aikacin banki, da mai tace labarai a gidan talabijin, da mai kula da ɗakin manyan kwamfutocin ajiya, inda akan jera na'urori ɗaruruwa a kan kantoci.

Masana fasaha sun daɗe da samo mafita, kuma hanyoyin da suka bi iri biyu ne. Akwai ɗan akwati da ake sawa tsakanin madannai da kwamfutocin, akwai kuma manhaja wadda ke aika motsin hannu ta hanyar sadarwa. Dukansu biyu a kan abu ɗaya suka dogara: kwamfuta ba ta san hannun mutum ba, saƙo kawai ta sani, kuma duk abin da ya iya kwaikwayon saƙon nan za ta karɓe shi hannu bibbiyu. Wannan ne tushen amfanin dabarar, shi ne kuma tushen haɗarinta. Domin a gane haka sosai, sai an fara sanin abin da madannai da linzami suke faɗa wa kwamfuta.

Abin da Madannai ke Faɗa wa Kwamfuta

Jerin haruffan da ke kan allon madannai ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. An gaje shi ne daga keken rubutu na Christopher Latham Sholes, wanda kamfanin Remington na Amurka ya fara sayarwa a shekarar 1874. Shi kuwa linzami, Douglas Engelbart ne ya ƙirƙiro shi a Cibiyar Bincike ta Stanford, abokin aikinsa Bill English ya sassaƙa na farko da katako, aka kuma nuna wa duniya shi a birnin San Faransisko ranar 9 ga Disamba, 1968.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, allon madannai bai san harafi ko ɗaya ba. A ƙarƙashin maɓallan akwai siraran hanyoyin lantarki da aka shimfiɗa tsaye da kwance, kamar zaren saƙa. Wata 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki tana bin hanyoyin nan tana dubawa sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda. Da zarar an danna maɓalli, sai hanyar tsaye ta haɗu da ta kwance, ita kuwa ƙwaƙwalwar ta aika wa kwamfuta lambar gurbin da aka taɓa. Idan an ɗage yatsa, sai ta sake sanar da cewa an saki. A tsarin USB, wanda ya fito a 1996, rahoto mafi sauƙi na madannai bayit 8 ne: na farko yana bayyana maɓallan taimako da aka riƙe, irin su Shift da Ctrl, na biyu an keɓe shi, sauran 6 kuwa suna ɗauke da lambobin maɓallan da ke danne a lokacin.

Fassara lamba zuwa harafi aikin kwamfuta ne. Alal misali, gurbin da ke da lamba 4 yana ba da harafin A a kwamfutar da aka saita da tsarin Ingilishi, amma a wadda aka saita da tsarin Faransanci, irin wanda aka saba da shi a Jamhuriyar Nijar, harafin Q zai fito. Wannan batu ya shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye. Haruffa masu ƙugiya, watau ƙ da ɗ da ɓ, suna fitowa ne daga tsarin da aka ɗora wa kwamfuta. Saboda haka wanda ya raba madannai guda tsakanin kwamfutoci biyu ta hanyar akwati, zai iya rubuta "ƙasa" a ta farko, ya koma ta biyu ya ga ƙugiyar ta ƙi fitowa, sai fa idan ya saita tsarin Hausa a kowace ɗaya.

Shi ma linzami bai san inda kibiya take ba. Abin da yake faɗa kawai shi ne: an matsa kaza zuwa dama, an matsa kaza zuwa sama, an danna wannan maɓalli ko an sake shi. Bayit 3 sun ishe shi wannan bayani, kuma linzamin USB na yau da kullum yana ba da rahoto sau 125 a daƙiƙa. Kwamfuta ce ke tara lissafin ta zana kibiya a inda ya kamata. A duk cikin saƙonnin nan babu wurin da aka rubuta sunan mai dannawa, babu kuma wata shaida da ke tabbatar da cewa yatsan ɗan Adam ne ya yi aikin.

Hanya ta Farko: Akwatin Sauyi

Akwatin sauyi shi ne aka fi sani da KVM, haruffan farko na sunayen madannai da hoton fuska da linzami a harshen Ingilishi. Ana jona madannai ɗaya da linzami ɗaya da fuska ɗaya a jikinsa, sa'an nan a ja wayoyi daga gare shi zuwa kowace kwamfuta. Ƙananan da ake ajiyewa a tebur suna ɗaukar kwamfuta 2 ko 4, na ɗakunan ajiya kuwa 8 ko 16 ko fiye, har ma akan jona wani a bayan wani domin a ƙara yawa. Ana sauyawa ta danna maɓalli a jikin akwatin, ko kuma, a yawancinsu, ta buga maɓallin Scroll Lock sau biyu a bi shi da lambar kwamfutar da ake so. Kasuwar waɗannan akwatuna ta bunƙasa a shekarun 1990, kuma biyu daga cikin manyan masu ƙera su a Amurka, Cybex da Apex, sun haɗe a shekarar 2000 suka zama kamfanin Avocent.

Akwatunan farko ba su da wata dabara. Marfi ne ake murɗawa, ya cire wayoyi daga wannan kwamfuta ya haɗa su da waccan. Nan da nan matsaloli suka bayyana. Mahaɗar PS/2, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, ba a yi ta domin a riƙa cirewa ana mayarwa alhali kwamfuta na kunne ba. Kwamfutar wancan zamani takan nemi madannanta tun lokacin da take tashi, idan ba ta ji amsa ba sai ta tsaya cik ta rubuta ƙorafi a fuska. Linzami kuwa, idan aka yanke shi a tsakiyar saƙo, lissafin bayit ukun nan yakan rikice, kibiya ta shiga tsalle-tsalle tana buɗe abin da ba a sa ta ba. Akwai kuma matsalar maɓallin da ya maƙale: idan an sauya bayan an danna maɓalli amma kafin a sake shi, kwamfutar da aka baro ba za ta sami labarin sakin ba, sai ta ci gaba da ɗauka cewa yatsa na nan a kai.

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne kwaikwayo. Suka sa wa kowace ƙofa ta akwatin 'yar ƙwaƙwalwar lantarki wadda ke amsa wa kwamfuta kamar ita ce madannai, kamar kuma ita ce linzami. Kowace kwamfuta tana zaune da yaƙinin cewa kayanta na nan jone, alhali na gaskiyar suna can suna yi wa wata aiki. Haka aka yi wa fuska. Tun daga 1994 akwai ƙa'idar EDID, wadda ta hanyarta fuska ke gaya wa kwamfuta girmanta da irin hoton da take iya nunawa. Akwati mai kyau yakan haddace wannan bayani ya riƙa maimaita wa kowace kwamfuta, domin kada ta ɗauka an cire fuskar ta hargitsa tagogin da mai aiki ya jera. Akwatunan USB masu araha har yanzu cirewa da mayarwa suke yi, shi ya sa bayan kowane sauyi sai an jira 'yan daƙiƙoƙi kafin kwamfuta ta sake gane baƙonta.

Darasi Daga Zalaiɗu

Masana halittu sun san irin wannan dabara tun kafin a ƙera kwamfuta. Zalaiɗu, tsuntsun nan mai dogon wutsiya da ake gani da damina, ba ya saƙa sheƙa. Macen takan faki ido ta saka ƙwanta a sheƙar wasu ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba, ta bar musu wahalar kwanci da ciyarwa. 'Ya'yan masu sheƙar suna da wasu ɗigo-ɗigo da launuka a cikin bakinsu, waɗanda iyaye ke gani idan an buɗe baki ana neman abinci. Ɗan zalaiɗu yana fitowa da kusan irin waɗannan alamomi, saboda haka iyayen riƙo sukan ɗura masa abinci kamar nasu. Alama suke dubawa, kuma duk bakin da ya nuna ta ya ci.

Haka kwamfuta take da madannanta. Ita ma alama take dubawa, watau saƙon da ya zo bisa ƙa'ida. Akwatin sauyi ɗan zalaiɗu ne da mai gida ya kawo da kansa, ya kuma san da zamansa. Amma ƙofar da ta karɓe shi za ta karɓi duk wani mai irin alamarsa, ko da mai gida bai gayyace shi ba. Za a dawo kan wannan batu bayan an duba hanya ta biyu.

Hanya ta Biyu: Manhaja

A wannan hanya babu akwati, babu ƙarin waya. Kowace kwamfuta tana riƙe da fuskarta, ana jera fuskokin gefe da gefe, kuma dukansu suna kan hanyar sadarwa ɗaya ta cikin gida. Kwamfutar da madannai da linzami ke jone da ita ita ce jagora, sauran kuwa mabiya. Mai aiki yakan nuna wa manhajar yadda fuskokin suke a tebur: wannan tana dama, waccan tana hagu.

Jagora tana lura da kibiya. Da zarar kibiya ta kai bakin fuska ta ɓangaren da wata mabiyiya take, sai jagora ta ɓoye tata kibiyar, ta daina miƙa wa manhajojinta abin da ake dannawa, ta shiga ƙunshe kowane motsi da kowane danni tana aikawa ta hanyar sadarwa. Manhajar da ke kan mabiyiya tana karɓa, ta miƙa wa tsarin kwamfutar a matsayin motsi da danni na gaske. A idon mai kallo, kibiya ce ta tsallaka daga wannan fuska zuwa waccan kamar babu iyaka a tsakani. Tafiyar saƙon a sadarwar cikin gida mai lafiya ba ta wuce 'yan ɓangarori cikin dubu na daƙiƙa, alhali shi mutum yana bukatar kusan rubu'in daƙiƙa kafin hannunsa ya amsa abin da idonsa ya gani. Shi ya sa ba a jin jinkirin, sai fa idan sadarwar iska ta cunkushe, inda kibiya kan riƙa tafiya tana tuntuɓe.

Wadda ta fi shahara cikin irin waɗannan manhajoji ita ce Synergy, wadda Chris Schoeneman ya fitar a 2001, kuma babbar fa'idarta ita ce haɗa kwamfutoci masu tsari daban-daban: Windows da Mac da Linux a tebur ɗaya. Da yake an saki asalin rubutunta ga jama'a, wasu sun ɗauka sun yi mata rassa. Barrier ta fito a 2018, daga baya Input Leap ta tsiro daga jikin Barrier, sa'an nan a 2024 aka sa wa buɗaɗɗen tushen Synergy ɗin suna Deskflow. Kamfanin Microsoft ya fitar da Mouse without Borders a 2011, mai haɗa kwamfutocin Windows har 4, ya kuma shigar da ita cikin tarin PowerToys a 2023. Logitech ya kawo Flow a 2017 ga masu amfani da linzamansa, Apple kuma ya saki Universal Control a watan Maris na 2022, wadda ke haɗa Mac da iPad har guda 3 idan suna kusa da juna.

Manhaja tana da abin da akwati ba shi da shi. Ana iya kwafe jimla ko jerin alƙaluma a wannan kwamfuta a liƙa a waccan, wasu ma har fayil suke ɗauka. Tana kuma da gazawa. Ba ta rage yawan fuskoki, ba ta aiki sai tsarin kwamfuta ya gama tashi, saboda haka ba ta da amfani ga mai gyaran na'urar da ta ƙi tashi. Idan kuma sadarwa ta yanke, ko jagora ta mutu, mabiya sun zama marayu.

Inda Bango ke Tsagewa

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya mallaki madannan kwamfuta ya mallaki duk ikon da mai ita yake da shi, kuma wanda ya iya sauraren madannan ya ji duk kalmar sirrin da aka buga.

Misali mafi fitowa fili ya faru ne a Landan. Akwai nau'in akwatin sauyi da ke mayar da hoton fuska saƙon intanet, ta yadda injiniya zai zauna a wani gari yana sarrafa kwamfutar da ke wani, tun daga tashinta. A watan Afrilu na 2013 wani mutum ya shiga reshen bankin Barclays da ke unguwar Swiss Cottage da sunan shi mai gyaran kwamfuta ne, ya jona irin wannan akwati tare da na'urar sadarwar wayar salula a bayan wata kwamfuta. Daga nesa abokan aikinsa suka riƙa ganin fuskar suna kuma danna abin da suka ga dama, har suka kwashe fiye da fam miliyan 1. A watan Satumba na shekarar 'yan sanda suka daƙile irin wannan yunƙuri a wani reshen bankin Santander da ke kudu maso gabashin birnin. Ba a sa wa kwamfutar bankin ƙwayar cuta ba, ba a fasa wani makulli ba. A wajenta ma'aikaci ne ke aikinsa.

A 2014 masu bincike biyu daga Jamus, Karsten Nohl da Jakob Lell, suka nuna a taron Black Hat cewa ana iya sauya ƙwaƙwalwar ƙaramar ma'ajiyar USB, wadda ake kira filash, ta gabatar da kanta a matsayin madannai ta buga umarni cikin ƙiftawar ido. A 2016 kuma kamfanin Bastille ya bayyana rauni a linzamai marasa waya na kamfanoni da dama, inda mai mugun nufi zai iya cusa danne-danne ta iska daga nisan da ya kai mita 100. Duk waɗannan kura ce da fatar akuya.

Ita ma hanyar manhaja tana da nata tsagin. Tsofaffin fitowar Synergy suna aika duk abin da aka danna a fili, ba tare da an kulle saƙon ba, ta yadda duk wanda ke kan sadarwar kuma ya san abin da yake yi zai iya karantawa. Daga baya aka ƙara kulle saƙo. A 2021 masu binciken tsaro na kamfanin SUSE suka gano cewa Barrier ba ta tantance mabiyan da ke neman haɗuwa da jagora yadda ya kamata, aka kuma yi gyara a fitowa ta 2.4.0. Bugu da ƙari, kwafe da liƙawar nan mai daɗi gada ce: sirrin da aka kwafe a kwamfutar ofis yana iya bayyana a kwamfutar gida ba tare da mai shi ya yi niyya ba.

Saboda haka ne hukumomin soja da na leƙen asiri, waɗanda kan ajiye kwamfutar sirri da ta fili a tebur ɗaya, ba sa amfani da kowane irin akwati. Akwai na musamman da ake gwadawa bisa ƙa'idojin hukumar NIAP ta Amurka. A cikinsu saƙo hanya ɗaya yake bi, daga madannai zuwa kwamfuta, ba ya komowa. Kowace ƙofa tana da ƙwaƙwalwar kwaikwayonta daban, mahaɗar madannai da ta linzami ba sa karɓar wata na'ura sai su, an kuma yi wa jikin akwatin hatimin da zai tona asirin duk wanda ya buɗe shi.

Wace Hanya ta Dace da Ɗakin Bincike?

Tambayar farko ita ce: shin ya halatta kwamfutocin nan su yi magana da juna? Na'urorin bincike suna daɗewa fiye da kwamfutocin da ke tuƙa su. Madubin da aka saya da kuɗi masu yawa yana iya shekara 20 yana aiki, amma manhajarsa ba ta tafiya sai a kan tsohon tsarin da masu shi suka daina yi wa gyaran tsaro, kamar Windows XP da aka yaye a 2014 ko Windows 7 da aka yaye a 2020. Irin wannan kwamfuta kamar majiyyaci ce wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kariyarta ita ce killacewa. Annobar WannaCry ta watan Mayu na 2017, wadda ta bazu a ƙasashe kusan 150 ta kuma tsayar da ayyuka a asibitocin Ingila da yawa, ta bi ne ta hanyar sadarwa ta kama kwamfutocin da ba a yi wa gyara ba. Wanda ya jona kwamfutar madubi da sadarwa domin kawai kibiya ta riƙa tsallakawa, ya sayar da lafiyar na'urar da sakamakon shekaru a kan sauƙin 'yan daƙiƙoƙi. A nan akwati ne ya dace, kuma kada a yi amfani da ƙofar raba filash da wasu akwatunan ke da ita, domin ita ma hanyar yaɗuwa ce.

Idan kuwa kwamfutocin duka na zamani ne, mallakar mutum ɗaya, kuma dama suna kan sadarwa ɗaya, to manhaja ta fi sauƙi da araha. Sai dai a tabbata an kunna kulle saƙo, an duba lambar shaidar da manhajar ke nunawa a haɗuwar farko, an ɗauko ta daga masu ita na asali, ana kuma sabunta ta. Kada a gudanar da ita a kan sadarwar da kowa da kowa ke hawa, irin ta ɗakin karatu ko otal. Inda babu bukatar kwafe da liƙawa, gara a kashe shi. Ya kamata kuma shugaban ɗakin bincike ya riƙa leƙa bayan kwamfutoci lokaci-lokaci, ya san kowace waya da inda ta nufa, kada kuma a bar baƙon mai gyara shi kaɗai.

Akwai wani haɗarin da ba na lantarki ba. Allon madannai wuri ne da hannaye ke yawan taɓawa, ramukansa kuma suna tara ƙura da ƙwayoyin cuta. Rage yawansu yana rage abin da za a goge, amma madannai ɗaya da ake taɓawa da safar hannu yayin gwaji, a kuma taɓa da hannu tsirara yayin rubuta rahoto, ya zama mahaɗa tsakanin teburin gwaji da bakin mai bincike. A aikin ninka ƙwayoyin gado ma an saba raba wurin shirya samfur da wurin duba sakamako, domin ɗan burbushi kaɗan ya isa ya ɓata gwaji. Bai kamata madannai guda ya haɗa abin da aka raba da gangan ba. Madannan da ke bakin teburin gwaji a lulluɓe shi da abin da ke goguwa, a riƙa share shi da maganin kashe ƙwayoyi, a kuma tsayar da doka guda: ko da safa kullum, ko ba safa kullum.

Kammalawa

Saura mai riƙe da linzamin. Tun a 1931 masanin halayyar ɗan Adam C. W. Telford ya nuna cewa idan aka ba mutum alamu biyu a jere da sauri, amsarsa ga ta biyu takan yi jinkiri, bincike na baya kuma ya tabbatar da cewa ƙwaƙwalwa tana zaɓen amsa ne ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane sauyin aiki yana cin lokaci yana ƙara kuskure. Magabata sun riga sun faɗa: taura biyu ba ta taunuwa. Kibiya tana tsallakawa cikin ƙiftawar ido, amma hankali yana biyo ta ne a baya. A wannan ɗan tsakani ne ake buga kalmar sirri a tagar hira, ko a ba da umarnin gogewa ga kwamfutar da ke riƙe da sakamakon gwajin wata shida. Lokacin da kowace kwamfuta ke da madannanta, miƙa hannu zuwa wani allo yana tunatar da mutum cewa ya sauya wuri. Da aka kawar da wannan wahala, an kawar da tunatarwar tare da ita.

Maganin ba shi da tsada. A ba kowace kwamfuta launin fuska daban, a rubuta sunanta a inda ido zai gani, a kulle kibiya a fuska ɗaya yayin aiki mai haɗari, a kuma saba da duban inda take kafin a danna komai. Kwamfuta za ta yi biyayya ga duk saƙon da ya zo mata da alamar madannai, ko daga mai ita, ko daga ɓarawo, ko daga mai ita a lokacin da hankalinsa ke wata fuskar. Tantance wanda ke magana da inda maganar ta nufa ya rage a wuyan ɗan Adam, kuma rigakafi, kamar kullum, ya fi magani.